Man Gyaɗar Inna a Yamai

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A aji, a hanyar Islamiyya, har a bakin famfo, tambayar ɗaya ce: "Sa'a, yaya Yamai?" Ni kuwa kowa ya san bakina ba ya buɗewa a cikin jama'a. Sai in ce lafiya lau, su ce ina rowar labari. Rahila da muka tafi tare ta riga ta ba da nata, amma ta zuba masa gishiri har ni da aka yi tafiyar da ni ban gane ta ba. Shi ya sa na zauna na rubuta nawa, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Abin ya faro ne daga ɗakin Inna a unguwar Gidan Dare, nan Sakkwato. Inna tana matsar gyaɗa, tana sayar da mai da ƙuliƙuli. Da sanyi ya shigo na lura man shanun da ke cikin ɗan kwano yana daskarewa har sai an kankare shi da cokali, amma man gyaɗar da ke gefensa yana nan ruwa abinsa. Duka mai ne, ɗaki ɗaya, sanyi ɗaya. Na jira sai da aka tashi na tambayi malamarmu ta kimiyya, Malama Balkisu, don ba zan iya ɗaga hannu a aji ba. Ashe akwai wani taro da malaman jami'a suke shirya wa ɗaliban sakandare a Yamai, babban birnin Nijar. Kowace tawaga tana zuwa da tambayarta, da kuma abin da za a sa a na'ura a bincika. Malama ta aika tambayata, aka karɓa. Aka haɗa ni da Rahila 'yar ajinmu. Babanta malamin lissafi ne daga wajen Jos, amma ita a nan aka haife ta, Sakkwatancinta ya fi nawa kauri.

Malama ta sha wuya kafin a bar mu. Ta yi ta zirga-zirga gidanmu har Baba ya yarda. Shugaban makaranta kuwa a gabanmu ya ce mata, "Ku je. Amma in kun dawo hannu rabbana, kada ki sake kawo mini zancen kai 'yan mata ko nan da Wamakko." Dokar taron kuma ita ce tawagar da ba ta zo da abin gwajinta ba, kallo kawai za ta yi.

Rahila ta samo man shanu wajen wata Bafillatana da ke kawo nono daga Dundaye. Man gyaɗa kuma nawa ne. Na ce wa Inna ɗan kaɗan ake so, kamar cokali biyu.

Ta ce, "Cokali? Ƙasar mutane za ki tahi da cokalin mai, a ce ɗiyar wa ta?"

Ta zaɓi gyaɗa da hannunta, ta matsa, ta cika babbar gora da man farko. Ta sa guntun leda a ƙarƙashin murfin, ta ɗaure gorar cikin baƙar leda. Ta kuma ƙulla ƙuliƙuli daban, ta ce wannan tsarabar masu masauki ce.

Da sassafe muka shiga motar Illela. Kusa da ni wani tsoho ne mai fataucin albasa, wanda ya ji Malama tana cewa za mu ga yadda ƙwayoyin mai suke rawa. Daga Kware har Gwadabawa bai bar zancen ba. "Rawa? Wa ka yi masu kiɗin?" Rahila ta ce, "Haske, Baba." Ya ce shi dai ya tsufa a duniya, amma bai taɓa ganin mai ya yi rawa ba sai a kasko.

A kan iyaka aka duba takardunmu da katin rigakafi. A ɓangaren Nijar wani jami'i ya ce in buɗe jaka. Ya ga gorar, ya ce in buɗe ta. Hausarsa irin tamu ce sak, abin da ya ba ni mamaki, don kakinsa da rubutun da ke bango duk baƙi ne a wurina. Ya sunsuna ya yi murmushi. "Ɗiyata, karatu za ki ko suya?" Malama ta yi masa bayani. Ya yi mana fatan alheri. Da sauri na mayar da murfin, ashe a karkace na ɗaura shi, guntun ledar Inna kuma ya faɗi ƙasa ban gani ba.

Daga Birnin Ƙonni muka shiga babbar mota. Hanyar doguwa ce, har na daina tambayar ina muka kai. A Dogon Dutsi muka sayi burodinsu mai tsawo kamar taɓarya. Bayansa tauri, cikinsa iska. Rahila ta ce wannan in an yi faɗa da shi sai a fasa wa mutum kai. A can kuma shayi ba a shan sa a babban kofi da madara kamar namu. Ɗan ƙaramin kofin gilashi ne, mai ɗaci da kumfa, ana kurɓa ana jiran na biyu. Bayan Doso mutanen mota suka ɗauki ihu wai ga raƙumin dawa a gefen hanya. Ni ban gan shi ba. A daidai lokacin ne na sa hannu a jaka na ji danƙo. Mai ya tsiyaya, ya ɓata farin hijabina na makaranta. Na gyara murfin ina haɗiye hawaye. Da na ɗago kai, sai itatuwa.

Mun isa Yamai kafin magariba. Ba a sa mu a ɗakin kwanan ɗalibai ba, an rarraba baƙi ne a gidajen mutane. Mu uku aka kai mu gidan wata Bazabarma mai suna Hadiza. A can duk babbar mace "Tanti" ake ce mata, don haka mu ma muka kama. Tana jin Hausa, sai dai tana jan ta a hankali. Ta koya mana "fofo", wato sannu, ta kawo zoɓo mai sanyi.

Malama ta tafi alwala, Rahila ta shiga wanka, aka bar ni ni kaɗai da Tanti a tsakar gida. Na ce bari in ba ta ƙuliƙulin Inna. Gorar ce a sama, sai na fara ciro ta, ina neman inda zan ajiye don kada ta ɓata tabarma. Tanti ta miƙo hannu biyu ta karɓa. Ta kwance ledar, ta buɗe, ta sunsuna, ta lumshe ido.

"Man gida! Rabon da in ji wannan ƙamshi tun uwata tana da rai. Allah ya yi wa mamarki albarka, 'yata."

Ku da kuke cewa da ku ne da kun yi magana, ku gaya mini yadda ake cewa babbar mace ta dawo da kyauta bayan ta sa albarka. Na ce "amin", na miƙa ƙuliƙulin a kai. Na yi wa kaina alkawari da safe zan roƙi cokali biyu.

Da safe ƙamshin suya ne ya tashe ni. Tanti ta soya ƙosai, wanda su suke kira cecena, ba na mutum uku ba, na dukan ɗaliban taron. Ta cika babban faranti ta sa aka kai mana jami'a. Na leƙa madafa na ga gorar a kife.

A wurin taron akwai 'yan Nijar, da 'yan Benin, da wasu daga Kano da suka ji na ce "mi" suka kama dariya, wai Basakkwata ta iso. Kowa ya ci cecenar Tanti yana santi. Malama ta ɗauki na uku ta ce, "Sa'a, kin ji mai kamar na Innarki." Rahila ta tsaya da tauna. Ta dube ni, ta dubi farantin, ta sake duba ni. Ta ja ni gefe.

"Ke Sa'a, kada ki ce mini aikinmu muka ci."

Na gyaɗa kai.

"Yesu! Ni har biyar na ci."

Mai kula da ɗakin binciken mace ce, Dokta Mariyama, gajera mai saurin tafiya. Takan yi bayani da Faransanci, ta maimaita da Turanci, in ta ga mun yi zuru ta sauko Hausa. Na'urar ba ta kai yadda na zata ba. Girmanta kamar akwatin keken ɗinki, a samanta akwai faifan ƙarfe, a tsakiyar faifan ɗan lu'ulu'u da bai fi ƙwayar dawa ba. Dokta ta ce kowane ruwa da muke gani, ko mai, ko turare, tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace ƙwaya kuma zarra-zarra ne aka ɗaure da juna. Maɗauran nan ba sa zama shiru. Suna miƙewa suna tsukewa, suna lanƙwasa, kamar tsirkiyar gurmi. Kowace tsirkiya da sautinta, gwargwadon kaurinta da yadda aka ɗaure ta. Na'urar tana aika wani haske da ake kira infrared, wanda ba a gani sai dai a ji shi, irin ɗumin da ke bugun fuska in an matsa kusa da garwashi. Kowane maɗauri sai ya shanye ɓangaren hasken da ya dace da rawarsa. Abin da aka shanye shi ke fitowa a kwamfuta, layi mai tudu da kwari, daga shi ake karanta yadda ƙwayar take, har a gane miƙaƙƙiya ce ko mai gwiwa. Na tuna tsohon albasa, na so a ce yana nan.

Sai ta ɗiga ruwa a kan lu'ulu'un don ta nuna mana. Ɗigo ɗaya tak. Ta ce, "Fiye da haka ɓarna ce." Rahila ta mintsine ni. Ko gora a kife ai ba ta rasa ɗigo. Namu gwajin kuma sai washegari da safe.

A Yamai da rana komai tsayawa yake, a tafi gida a ci abinci a kwanta, ba kamar mu da muke zarcewa sai an tashi ba. Muka koma gida da sauri. Tanti ta tarbe mu da kwafto, wato kwaɗon zogale, da dambu. Kafin mu buɗe baki ta shiga ɗaki ta fito da gorar Inna. Ta wanke ta da sabulu da ruwan zafi, tana ƙyalli, ta cika ta da zuma.

"Ki kai wa mamarki. Mu nan ba a mayar da kwano fanko."

Mu ma haka muke yi a gida, ban dai taɓa tunanin al'adar za ta biyo ni har nan ta kama ni ba. Rahila ta zauna daɓas a kan tabarma. Da Tanti ta koma madafa ta ce mini, "Ni zan iya faɗa wa Malama. Zan iya faɗa wa Dokta. Amma Tanti ke kika ba ta, ke za ki je. Ko wanda ya rage a kasko ta ba mu, ya fi babu."

Na daɗe tsaye a ƙofar madafa. Na tuna fuskar shugaban makaranta, da 'yan ajin da ke bayanmu waɗanda ba za a sake kai su ko'ina ba saboda ni na ji kunya. Na yi sallama, na durƙusa.

"Tanti, don Allah in akwai sauran man da kika yi suya, ina son cokali ɗaya."

"Cokali ɗaya? Me za ki yi da shi?"

Na faɗa mata duka, idona a ƙasa. Na ɗago. Tanti ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo ni Hadiza! Na soye jarrabawar yara!"

Sai kuma ta fashe da dariya, har ta jingina da bango. Malama ta fito don jin abin da ke faruwa. Da ta ji, ba ta yi dariya ba, amma ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Na soya ba daidai yake da sabo ba, Sa'a. Ban san ko Dokta za ta karɓa ba." Tanti ta ce a je kasuwa a sayo wani. Malama ta ce na kasuwa ba mu san abin da ke cikinsa ba, kuma ba za mu kai shi mu ce na Inna ne ba.

Ina tsaye ina kallon bayan ƙofar madafar, don in ba na son kallon mutane abin da ke kusa nake kallo. Akwai ƙusa, a jikinta an rataye ledoji, kamar dai yadda Inna take yi, don babu macen da ke yar da leda mai kyau. A saman su akwai wata baƙa mai ƙullin da na sani, ƙullin Inna ne mai kunne ɗaya. Na ce, "Tanti, waccan ledar, kin wanke ta?" Ta ce a'a. Na sauko da ita a hankali, na ɗaga ta a rana. A kusurwarta man da ya tsiyaya a hanya ya taru, bai kai rabin cokalin shayi ba. Man nan da na yi wa kuka a bayan Doso.

Washegari muka shiga ɗakin bincike da abu uku: man shanun Rahila, da man kasko a cikin ɗan kofin shayin Tanti, da leda. Rahila ce ta ba Dokta labarin, har da yawan cecenar da ta ci. Dokta ta yi dariya, amma ta ce leda ma tana iya sa bakinta a cikin zancen, sai mun duba da kyau. Sanyin ɗakin ya riga ya daskarar da man shanun, sai da muka tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Ta ba ni ɗan bututun ɗiga ta ce ni zan sa. Na tsotso man daga kusurwar ledar, na ɗiga a kan lu'ulu'un. Na'urar ba ta yi ƙara ba. Kafin in gama Bismillah layin ya fito.

Aka goge, aka sa man shanu, aka ɗora zanensa a kan na farko. Kusan duk tuddan iri ɗaya ne, don duka mai ne. Dokta ta ce mu nemo inda suka bambanta. Rahila tana ta nuna manyan tuddai. Ni kuwa idona ya tsaya a wani ɗan ƙaramin tudu, kusa da lambar dubu uku a ma'aunin da ke ƙasan zanen, a gindin wani babba kamar ɗa goye. A man Inna ya fito sosai, a man shanu da kyar ake ganinsa. Na nuna da yatsa ban ce komai ba.

Dokta ta ce, "Da baki."

Na ce, "Wannan ƙaramin. Na gyaɗa ya fi tsayi."

Ta ce shi ne. Wannan rawar maɗaurin da ke daidai inda ƙwayar mai take da gwiwa ce. Ƙwayoyin mai dogaye ne kamar kara. Na man shanu yawancinsu miƙaƙƙu ne, in sanyi ya zo sai su kwanta jikin juna kamar damin kara, mai ya daskare. Na man gyaɗa kuwa masu gwiwa sun fi yawa, ba sa jeruwa, sai su yi ta zamewa juna. Amsar tambayar da na ɗauko daga ɗakin Inna ke nan, a cikin ɗan tudun da bai kai farcena ba.

Da aka sa man kasko, zanensa ya hau kan na ledar kusan daidai. Dokta ta ce wannan ya kwantar mata da hankali cewa ledar ba ta ɓata mana komai ba. Amma a can gefen hagu na ga layin ya ɗan kumbura, faffaɗa, ba tsini. Na tambaya, wannan karon ba tare da an ce in yi magana ba. Ta ce yana iya zama danshin ƙullun wake, yana iya zama wuta ta fara sauya man. Suya ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an yi ta maimaitawa. Ta ce, "Kun zo da tambaya ɗaya, za ku koma da biyu. Ku gode wa Tantinku."

Ranar ƙarshe kowace tawaga ta tsaya ta yi bayani. Mun shirya Rahila ce za ta yi magana, ni in riƙe zanen. Da muka fito sai na hango Tanti a layin baya, ta sha ɗaurin ɗankwali kamar za ta biki. Rahila ta yi rabin farko, ta juyo ta ce, "Gwiwar nan Sa'adatu ce ta gan ta, ita za ta faɗa." Na kafa idona a ɗankwalin Tanti, na yi kamar ita kaɗai nake gaya wa a madafa. Ban san yadda na kai ƙarshe ba. Na dai ji an tafa, har da 'yan Kano, na kuma ji Tanti tana gaya wa na kusa da ita da ƙarfi, "Wancan layin na uku, kaskona ne." Ba mu ne muka fi kowa ba, wasu 'yan Benin da suka gwada manja su aka fi yabawa. Amma Malama ta naɗe zanen namu da kanta, ta riƙe shi a cinya tun daga Yamai har Sakkwato, ba ta bari an sa shi a bayan mota ba. Yanzu yana manne a ofishin shugaban makaranta, kuma na ji 'yan aji ɗaya sun fara kawo wa Malama tambayoyi.

Ina godiya ga Allah, ga Malama da ta tsaya mana, ga Dokta da ta ce "da baki", ga Rahila da ta tura ni madafa. Tanti kuwa ban san da wane baki zan gode mata ba.

Da na isa gida na ajiye gorar zuma a gaban Inna, na zauna ina yi mata bayanin kara da gwiwa. Ta saurara har ƙarshe tana juya gorar a hannu.

Ta ce, "To na ji. Amma man, an ci shi?"

"An ci, Inna. Kowa ya ci, har Malama."

"Sun ce da daɗi?"

"Sun ce."

"Alhamdu lillahi. Kin gani? Da cokali biyu kinka tahi da shi, da wa za ya ci?"

Ta juye zumar a kwalba, ta wanke gorar, ta kife ta a rana. Ta ce in tambayi Malama yaushe za a sami mai zuwa Yamai, don gorar ba za ta koma fanko ba.